Hukuncin kakin da ake shafa wa lemu don ya daɗe a ɗakin sanyi

Tambaya

Lemun da ake shigowa da shi daga Masar da Afirka ta Kudu yana da sheƙi da santsi a ɓawonsa. An ce mini kaki ake shafa masa, wani ma daga jikin ƙwaro ake samo shi. Shin shan wannan lemu ya halatta?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Na farko: ka sani, ɗan'uwa, Allah Ya halicci lemu da wani siririn kaki a ɓawonsa mai tsare ruwan cikinsa. Idan aka wanke shi bayan tsinka, wani ɓangare na kakin yakan tafi, sai lemun ya riƙa yaushi, nauyinsa ya ragu. Shi ya sa masu fitar da shi suke mayar masa da wani kakin kafin su ajiye shi makonni a ɗakin sanyi. Shafin yana rage fitar ruwa da shigar iska, sai bitamin C ɗin cikinsa ya daɗe bai lalace ba.

Na biyu: hukuncin shafin yana bin asalinsa.

1. Kakin karnauba (E903): daga ganyen wani itace dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Brazil. Tsiro ne, halal ne.

2. Kakin zuma (E901): mai tsarki ne kamar zumar kanta.

3. Shelak (E904): wani ƙaro ne da ƙaramin ƙwaro yake fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta shi, suka yi ƙiyasinsa da zuma, domin abin da ƙwaron ya fitar ne, ana kuma tace shi. Wasu sun ƙyamace shi saboda guntayen ƙwaron da kan saura a ciki. Ta fuskar tsarki kuwa, mushen ƙwaron da ba shi da jini mai gudana ba najasa ba ne a wurin Malikiyya da Hanafiyya.

4. Kitosan: galibi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake yinsa. Dabbobin ruwa halal ne a mazhabar Malikiyya, su kuwa Hanafiyya kifi kaɗai suka halatta.

Idan ka tabbatar an haɗa shafin da jelatin na alade, wannan najasa ne, sai ka wanke ɓawon kafin ka yanka. Amma ba a gina hukunci a kan zato, kuma asalin abinci halacci ne har sai dalilin haramci ya tabbata.

Na uku: shafin a kan ɓawo yake, kai kuma fere lemu kake yi ka sha ruwansa, saboda haka babu laifi a kanka. Sai dai ki kula, 'yar'uwa, idan za ki goga ɓawon a kek ko ki jefa yankan lemun tsami a shayi. Sau da yawa ana gauraya kakin da maganin funfuna irin su imazalil, wanda ba a yi shi don ci ba, kuma wanki ba ya cire shi gaba ɗaya. Duba rubutun kwali ko ragar da lemun ya zo a ciki, ko ki nemi wanda ba a shafa wa komai ba. Kare jiki daga cutarwa wajibi ne.

Na huɗu: ga ɗan kasuwa, shafa kaki don kare lemu daga lalacewa abin yabo ne, domin Shari'a ta hana ɓarnar abinci. Amma ka shafe tsohon lemu don ya yi sheƙi ka sayar a matsayin sabon tsinka, wannan algus ne, haramun ne. Idan mai saye ya tambaye ka tsawon zaman da ya yi a sanyi, faɗa masa gaskiya.

Allah ne Mafi sani.