Golf GTI Samfuri na Biyar: Zaɓenta da Ƙara Mata Ƙarfi da Kuɗi Kaɗan

Golf GTI samfuri na biyar, wadda aka fi sani da Mk5, ƙaramar mota ce mai gudu da kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ita a ƙarshen 2004, ya ci gaba da ƙera ta har wajen 2009. GTI ta farko ta bayyana tun 1976 da ƙarfin doki 110, ba ta da turbo. Ita Mk5 injinta mai turbo ne, silinda huɗu, lita 2.0, ƙarfin doki 200, kuma tayoyin gaba ne ke jan ta. Masu sha'awar gudu da aljihunsu bai cika ba suna yawan nemanta a kasuwar tsofaffin motoci, saboda farashinta ya faɗi, injinta kuma yana karɓar ƙarin ƙarfi ba sai an kwance shi ba. Irin injin nan ne a wasu Audi A3 da A4, da Passat da Škoda Octavia RS na wancan lokaci, shi ya sa kayan gyaransa ba sa wuyar samu.

Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyu kuma ta cusa iska cikin silinda fiye da yadda injin zai zuƙa da kansa. Iska ta ƙaru, fetur ɗin da za a ƙona ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, amma sai 1962 ta shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka. Sandar takan juya fiye da sau 100,000 a minti cikin zafi mai tsanani, kuma baƙin man inji ne ke riƙe da ita. Duk wanda ya yi sakaci da juyen mai, turbo ce ke fara nuna masa.

Zaɓe

Mota mai turbo da ta haura shekara goma sha biyar, tarihinta ya fi ƙyallin fentinta muhimmanci. Takardun sabis, da binciken lambar jikinta mai harafi da lamba 17, sukan nuna ko ta taɓa yin haɗari ko ruwa ya taɓa cinye ta. Wannan ya shafi mai sayen tokunbo kai tsaye, don da yawa daga motocin da ke zuwa daga Amurka a wajen gwanjon motocin haɗari aka sayo su. Waɗanda aka yi wa kasuwar Ingila da Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake, Najeriya da Nijar kuma hannun dama ake tuƙi. Mayar da sitiyari hagu aiki ne mai tsada, kuma da wuya ya fita da kyau.

Injin farko na wannan mota, EA113, yana da laifuffukan da makanikai suka sani sarai. Mafi haɗari shi ne wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke tsakanin famfon fetur da sandar da ke buɗe bawul. Kuɗinsa kaɗan ne, canza shi ba ya ɗaukar lokaci, amma idan aka bar shi ya cinye har ya huje, sai ya lalata famfon da sandar baki ɗaya, ya zuba ɓarɓashin ƙarfe cikin mai. Akwai bawul mai mayar da rarar iska, wanda robar tsohon samfurinsa kan yage, mota ta rasa ja ba tare da ta yi wata ƙara ba. Koyil na mutuwa. Dauɗar hayaƙi na taruwa a bayan bawul ɗin shigar iska, domin fetur kai tsaye ake fesa shi cikin silinda, ba ya bi ta kansu balle ya wanke su. Bel ɗin taimin ma, idan ba a san ranar da aka canza shi ba, a ɗauka ba a canza ba. Motocin Amurka na ƙarshe sun koma injin EA888 mai sarƙa a maimakon bel, shi kuma matsalarsa abin da ke ɗame sarƙar ne.

Giya iri biyu ce: ta hannu mai shida, da DSG mai canza kanta. DSG ta fi sauri, amma tana buƙatar juyen mai duk kilomita 60,000, kuma gyaran kwamfutarta ba na kowane gareji ba ne. Mai ƙaramin ƙarfi, ta hannu ta fi masa. Motar da wani ya riga ya taɓa wa inji kuma, ko da ta zo da araha, gara a bar ta, tun da ba a san iyakar wahalar da ta sha ba.

Ƙara ƙarfi

Masu sana'ar sun kasa aikin mataki-mataki. Na farko ba a taɓa ƙarfe ko ɗaya: manhajar kwamfutar inji kawai ake sauyawa don turbo ta ƙara matsa iska, ƙarfi ya kai doki 240 zuwa 250. Kamfanoni irin su APR na Amurka da Revo na Ingila sun yi suna a kan wannan. Babu wani gyara da ke ba da ƙarfi mai yawa haka a kan kuɗi kaɗan. A mataki na biyu ake faɗaɗa bututun salansa daga bakin turbo, a inganta famfon fetur da hanyar shigar iska. Na uku shi ne cire ƙaramar turbo K03 a sa K04, inda ake iya haura doki 300.

Sai dai waɗannan alƙaluma an samo su ne da fetur mai ingancin oktan 98 da iska mai sanyi. Iskar da aka matsa tana zafi, idan kuma fetur bai kai inganci ba sai ya kama da wuta tun lokaci bai yi ba, abin da ke fasa fistin. Kwamfuta takan ji wannan bugu ta rage ƙarfi don kare injin, wato mutum ya biya kuɗin dawakan da ba zai gani ba. A zafin bazara na Sakkwato ko Damagaram, babban intakula mai sanyaya iska ya fi ƙarin matsi amfani, kuma dole a saita manhajar daidai da fetur ɗin da ake samu a gari. Al'adar nan ta cire tamostat da matatar hayaƙi da zarar mota ta sauka rikita lissafin kwamfuta take yi.

Tsarin kashe kuɗi da ya fi dacewa shi ne a fara da mayar da motar cikin lafiyarta: mai mai lambar VW 502 00, fulogi, koyil, bel, ɗan ƙoƙon nan. Sannan taya da birki da shakazoba, don tayoyin gaba biyu ne ke ja su kuma juya mota, kuma da ƙarfi ya wuce kima sai su yi ta murzawa a banza. Kulocin da ya tsufa yakan fara zamewa bayan matakin farko, don haka kuɗinsa na cikin lissafi. Bawul mai furzar da iska waje don a ji ƙara kuwa kwalliya ce kawai, har tana iya sa inji ya sha fetur fiye da kima.

Wanda burinsa ya kai mataki na uku ya kamata ya fara tambayar farashin Edition 30, wadda aka fitar a Turai a 2006 don cikar GTI shekara talatin. Tana da doki 230, kuma da K04 da ƙaƙƙarfan kayan ciki ta fito daga masana'anta.