Jarrabawar Ingilishi a Makarantun Midil na Arewacin Nijeriya

Tun kafin zuwan Turawa akwai nahawu a ƙasar Hausa, akwai kuma hanyar gwada wanda ya san shi. Almajirin ilmi yakan fara da Ajrumiyya, in ya yi nisa ya shiga Alfiyyar Ibn Malik, mai baiti wajen dubu. Gwajinsa kuwa a gaban malami ake yi, baki da baki: ya biya karatu, ya yi i'irabin kalma, ya faɗi dalilin wasalin da ke ƙarshenta. Ba maki, ba ranar jarrabawa. Malam shi ne ya koyar, shi ne kuma ke shaidar cewa almajirinsa ya ƙware. Abin da boko ya kawo sabo shi ne a zaunar da yara rana ɗaya, a ba su tambaya ɗaya, wani wanda bai san su ba ya yanke musu hukunci a takarda.

Ingilishi bai shigo tare da boko nan da nan ba. Sa'ad da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara karatu da rubutu. Turawan mulki na Arewa ba su yi ɗokin yaɗa harshensu ba, domin sun ga yadda 'yan boko na Ikko suka riƙa yi musu gardama da shi a jaridu. Amma fa ofis yana bukatar akawu, makaranta tana bukatar malami. Saboda haka aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 don horad da malamai, kuma ta yi suna ƙwarai wajen gyaran lafazin Ingilishi.

A 1929 aka haɗe ma'aikatun ilmi na Arewa da na Kudu a ƙarƙashin E. R. J. Hussey, shi ne kuwa ya tsara karatu hawa uku: elementare, da midil, da babbar kwaleji. Makarantun lardi na dā suka koma midil, irin su na Kano da Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauchi da Bida da Yola. Makarantun kwana ne, En'e ke riƙe da su. Yaro yakan yi elementare da Hausa, sa'an nan in an zaɓe shi ya zo midil, inda Ingilishi ke zama darasi, daga baya kuma ya zama harshen da ake koyar da sauran darussa da shi. Galibin malaman tsofaffin ɗaliban Katsina ne. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931, Abubakar Imam a ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a ta Bauchi har ya zama hedimasta, can ma Malam Aminu Kano ya koyar.

To, me ake gwadawa? Da fari akwai shifta, watau malami ya karanta, yaro ya rubuta, kowane kuskuren harafi a rage masa maki. Akwai nahawu, inda ake ba shi jimla ya rarrabe ta, ya nuna suna da aikatau da sifa. Wannan bai zama baƙo ba ga ɗan gidan malamai, don kusan i'irabi ne aka sake masa riga. Akwai karanta labari a amsa tambayoyi, akwai rubuta wasiƙa, akwai kuma insha'i. In aka duba waɗannan da kyau, za a ga siffar akawu ce aka zana: mutumin da zai ji maganar Di'o ya rubuta ta daidai, ya tsara wasiƙa zuwa ga Razdan, ya taƙaita dogon rahoto. Jarrabawar ba ta ɓoye nufinta ba, ta kuwa cim masa. Takardar shaidar Midil 4 ta isa ta ba saurayi aikin malanta a ofishin En'e, ko asibiti, ko daji, ko gona. 'Yan kaɗan da suka yi fice su ne ke wucewa Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta kuma koma Zariya a 1949.

Kurakuran da jan alƙalami ke bi ba na rashin basira ba ne, yawancinsu sawun harshen uwa ne. Bahaushe ba ya bambanta sautin “p” da na “f” a harshensa, don haka sai su cuɗe masa a shifta. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru a farkon kalma, shi ya sa ta kan cusa wasali a tsakani, kamar yadda ta yi wa burodi da sukudireba. Mafi wuya kuma shi ne lokutan aikatau. Hausa ta fi kula da ko aiki ya kammala ko yana gudana, Ingilishi kuwa ya fi matsa wa mai magana ya bayyana yaushe aka yi shi. Yaron da ke ba da labari da “sai ya tashi, sai ya tafi” yakan rasa inda zai tsaya in ya koma Ingilishi. Mai duba takarda da bai ji Hausa ba, kuskure goma zai ƙirga a wurin da a haƙiƙa matsala ɗaya ce ta maimaita kanta sau goma.

Shi insha'i, wahalarsa ba ta yaro kaɗai ba ce, har da mai ba da maki. A 1935 Philip Hartog da E. C. Rhodes suka buga sakamakon wani bincike a Ingila, wanda ya nuna cewa ƙwararrun masu duba jarrabawa sukan ba takarda guda maki mabambanta ƙwarai, har ma mutum ɗaya yakan saɓa wa kansa in an sake ba shi ita bayan wani lokaci. In haka ta faru ga 'ya'yan Turawa masu rubutu da harshen iyayensu, ina ga yaron Bauchi? Ga shi kuwa a jarrabawar Kambirij, wadda masu gama sakandare ke ɗauka, wanda ya faɗi Ingilishi ba ya samun satifiket, kome ƙoƙarinsa a lissafi. Wannan ƙa'ida ta tsare mutane da yawa a bakin ƙofa, a daidai lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ke neman 'ya'yanta ido rufe don su maye gurbin baƙi a ofisoshi.

Cikin shekarun 1950 aka rushe tsarin midil. Ƙananan azuzuwanta suka zama babbar firamare, manyan suka zama sakandaren lardi. Midil ta Kano ita ce Kwalejin Rumfa, ta Zariya kuwa Alhudahuda. A 1952 kuma aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, bisa shawarar rahoton Dokta G. B. Jeffery na 1950, ta riƙa karɓar aikin daga hannun Kambirij sannu a hankali.

Babban juyi ya zo da rahoton D. W. Grieve na 1964. Ya duba yadda hukumar ke gwada Ingilishi, ya nuna cewa ana yi wa ɗan Afirka jarrabawar da aka ɗinka don ɗan Ingila, alhali shi harshe na biyu yake koyo. Ya ba da shawara a gwada sanin kalmomi da ginin jimla ta hanyar tambayoyi masu yawa, kowace da amsoshi a jere, ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Ba da jimawa ba hukumar ta karɓi wannan. Amfaninsa a fili yake: ba son rai, ba gajiyar mai dubawa, kuma ana taɓa sassan nahawu masu yawa cikin sa'a guda. Sai dai abin da ake aunawa shi malami ke koyarwa. Da zaɓen amsa ya sami gindin zama, sai littattafan tsofaffin tambayoyi suka cika kasuwa, aka fara samun ɗalibin da zai gane jimlar da ke daidai cikin huɗu, amma ba zai iya ƙirƙiro ta biyar da kansa ba. 'Yan makaranta ma suka raɗa wa abin suna canki-canka.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta dawo da wani hawa mai kama da midil, watau ƙaramar sakandare ta shekara uku, wadda aka fara a 1982. Ta kuma zo da gwaji na yau da kullum, inda makin da malamin aji ya tara cikin shekara ke shiga sakamakon ƙarshe. Ta wata fuska wannan komawa ce ga hanyar zaure, inda wanda ya koyar shi ke ba da shaida. Bambancin shi ne malamin zaure da malamin midil sun san ɗalibansu ɗaya-ɗaya, suna da sukunin bin rubutun kowa layi-layi. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya tura yara makaranta fiye da yadda aka horad da malamai, kuma a ajin da ya cika ya batse, insha'i ne darasin da aka fara jinginewa, domin shi ne wanda sai malami ya kwashi littattafai ya tafi da su gida ya duba da dare.