Daga 'Yan Taru zuwa Yaƙi da Jahilci

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ilmin manya a ƙasar Hausa bai taɓa kafuwa ba sai bisa taron da jama'a suka riga suka saba da shi. Za mu kafa hujja da misalai biyu.

Na farko shi ne tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864). Ita ba ta gina wa matan karkara makaranta ba. Sai ta zaɓi dattijuwa daga cikinsu, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar shugabanci. Jaji ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su hardace waƙoƙin da aka rubuta da ajami, su koma gida su koya wa matan aure. Watau ilmi ya shiga gidaje ta bakin wadda aka sani, aka kuma amince da ita.

Na biyu shi ne Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar a farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa. A nan ma ba a jira gini ba. Zaure da gindin bishiya su ne aji, malami kuwa ɗan gari ne. Magidanci da zai ji kunyar zama a benci tare da 'ya'yansa bai ƙi zama da tsararsa bayan an taso daga gona ba. Bugu da ƙari, Hukumar NORLA ta Zariya ta tanadi ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, domin wanda ya koyi baƙi ya sami abin karantawa. An rufe NORLA a 1959. Karatu kuwa, in ba a bita, gudu yake yi.

Jihar Kano ta farfaɗo da aikin a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da ta kafa hukumar ilmin manya, har UNESCO ta karrama hukumar a 1983.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa malamai da masu tsara manufofi, kafin a ƙirga azuzuwa, a fara tambayar inda mutane ke taruwa, da wanda suke saurara, da kuma abin da za su karanta bayan sun karɓi takardar shaida.