Yadda ake tattarawa da tantance duwatsu a makarantar ma'adinai ta Freiberg

Makarantar koyon aikin haƙar ma'adinai da ke Freiberg, a jihar Saxony ta ƙasar Jamus, na daga cikin mafi daɗewa a duniya.

An kafa ta ne a shekarar 1765, a yankin da aka soma haƙar azurfa tun wajejen 1168, kuma tun farkonta take adana samfurin duwatsu domin ɗalibai su riƙa gani suna taɓawa.

Masana dai na bambanta dutse da ma'adini. Ma'adini abu ne guda mai tabbataccen haɗin sinadarai, shi kuwa dutse galibi gamin ma'adinai ne da dama. A yanzu an tabbatar da ma'adinai fiye da 6,000.

Aikin daji

Mai tattara samfuri kan fita ne da guduma, da ƙaramin gilashin ƙara girman abu, da maganaɗisu, da kuma littafin rubutu.

Akan fasa dutsen a ɗauki cikinsa, domin ruwa da rana kan sauya kamannin bayansa. Nan take za a ba shi lamba, a rubuta wurin, da zurfin ramin, da ranar da aka ɗauko shi.

Wannan 'yar takarda ita ce darajar samfurin. Dutsen da ba a san inda ya fito ba, komai kyawunsa, bai wuce abin ado ba.

Launi na yaudara

Malamin da ya shimfiɗa ƙa'idojin tantancewa a Freiberg shi ne Abraham Gottlob Werner, wanda ya wallafa littafi kan siffofin ma'adinai na zahiri a 1774, ya kuma soma koyarwa a makarantar a 1775. Har yau tarin duwatsunsa na can.

Ɗalibinsa Friedrich Mohs ne ya fito da ma'aunin tauri a 1812, mai matakai goma, inda lu'ulu'u ke mataki na ƙarshe. Ana gwajin ne ta hanyar karta: farcen mutum na kusan biyu da rabi, bakin wuƙa kuma kusan biyar da rabi.

Da wannan gwaji ake raba zinariya da fayirait, wani ma'adinin ƙarfe mai ƙyalli da ya sha jefa masu haƙa cikin asara. Wuƙa na yankar zinariya cikin sauƙi, amma ba ta kama fayirait.

Idan aka goga su a jikin tangaran maras santsi, zinariya kan bar layi ruwan ɗorawa, fayirait kuwa baƙi mai ratsin kore. Kazalika zinariya ta ninka shi nauyi kusan sau huɗu.

Akwai kuma gwajin asid, wanda ke sa dutsen farar ƙasa tafasa, da na maganaɗisu da ke jan wani nau'in tama.

Sai dai ido da hannu na da iyaka, kuma rashin sanin abin da ke cikin dutse kan jawo asarar da ta wuce ta dukiya. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a jihar Zamfara ta Najeriya, bayan an riƙa niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje.

Saboda haka gidajen adana ma'adinai na zamani ke ƙarawa da binciken sinadarai da na'urorin Eksire.

Dutsen da lissafinsa ya ƙi cika

A 1885 aka haƙo wani baƙon ma'adini a ramin Himmelsfürst da ke kusa da garin, aka miƙa shi ga malamin kimiyyar sinadarai na makarantar, Clemens Winkler.

Winkler ya sami azurfa da farar wuta a cikinsa, amma duk yadda ya auna, kusan kashi bakwai cikin ɗari na nauyinsa ba ya bayyana.

A watan Fabrairun 1886 ya gano cewa giɓin wani sabon sinadari ne, wanda masanin Rasha Dmitri Mendeleev ya yi hasashen samuwarsa a 1871. Ya raɗa masa suna jameniyom, daga sunan ƙasarsa.

Da wannan sinadari ne aka ƙera taransista ta farko a Amurka a 1947.