Conrad Kohrs: Mahaucin da Ya Zama Sarkin Shanun Montana

A wannan taƙaitaccen nazari za mu waiwayi rayuwar Conrad Kohrs, attajirin shanu kuma ɗan majalisa a Amurka, domin mu ga iyakar abin da muƙami ke iya yi wa dukiya.

An haife shi a 1835 a yankin Holstein, wanda a yau yake cikin Jamus. Tun yana ɗan shekara 15 ya shiga aikin jirgin ruwa, daga bisani neman zinariya ya kai shi Montana a 1862. Nan ya lura cewa masu haƙa, ko sun dace ko ba su dace ba, tilas su ci nama. Sai ya kama fawa a garin Bannack. Ribar fawar ce ta ba shi halin sayen gandun kiwon Johnny Grant a Deer Lodge a 1866. Garkensa ya bunƙasa har ya kai kimanin shanu 50,000, yana loda dubbai a jirgin ƙasa zuwa kasuwar Chicago.

Ya kamata mu lura cewa shanun nan a filin gwamnati marar shinge suke kiwo, filin da aka raba 'yan asalin ƙasar da shi. Arzikin da ya dogara ga irin wannan fili kuwa ba ya rabuwa da doka. Kohrs ya zama kwamishinan gunduma a 1869, ya shiga majalisar yankin a 1885, shekarar da aka kafa hukumar kula da dabbobi. Yana cikin waɗanda suka tsara tsarin mulkin jihar a 1889, sannan aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawanta a 1902.

Duk da haka kujera ba ta hana bala'i ba. Matsanancin sanyin 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu bila adadin, attajirai da dama suka karye. Bahaushe na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kohrs ya ci bashin banki, ya mai da hankali ga tanadin harawa da kiwon shanu masu kyawun iri, ya farfaɗo. Da manoma suka kwararo suka kakkafa shinge, sai ya sayar da mafi yawan filayensa tun kafin rasuwarsa a Helena a 1920.

A ganinmu, saurin fahimtar sauyin zamani ne ya tsirar da shi, abin da muƙami bai iya yi masa ba. Tun 1972 gandun nasa ya zama wurin tarihi na ƙasa.