Giginya: yadda ake shuka ta a gona ko a ƙofar gida

Manomi ɗan'uwa, idan kana son doguwar bishiya mai faffaɗan ganye kamar mafici don ƙawata ƙofar gida, makaranta ko filin ƙungiya, ba sai ka nemo irin waje ba. Akwai wata 'yar ƙasar Madagaska mai tokatokan ganye da ake kira Bismarckia, tana da kyau, amma tsada gare ta. Giginyarmu ta gado, wadda masana ke kira Borassus aethiopum, ta riga ta saba da zafinmu da dogon raninmu, kuma tana haura mita 20.

Wuri ne farkon abin dubawa. Giginya na son ƙasa mai zurfi, jigawa ko gefen fadama inda ruwan ƙasa bai yi nisa ba. A nan yankin Damba, gonakin da ke kusa da gulbin da ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu sun dace ƙwarai. Wajen Tsafe kuwa, inda duwatsu suka yi yawa, ka haƙa ka gani tukuna. In ka ci karo da fa a kusa, sauya wuri.

Ga dalili. Ƙwallon giginya ba ya tsira kamar na mangwaro. Ƙasa yake fara nutsawa, ya kai kamu ɗaya ko fiye, sannan ganyen farko ya leƙo. Wannan abin da ya nutsa shi ne murucin da muke dafawa mu ci. Shi ya sa renon ta a 'yar leda ba ya yi, dashe ma ba ta so. Inda kake son ta tsaya, nan za ka binne ta tun farko.

Ka samo 'ya'yan da suka nuna suka faɗo da kansu, masu ruwan ɗorawa da ƙamshi. Kowanne yakan ɗauki ƙwallo har uku. Cire tsokar, ka binne ƙwallon zurfin kamar tafin hannu da zarar damina ta kankama, wato watan Yuni zuwa Yuli. Sa biyu ko uku a rami, don ba duka ke fitowa ba. Tsakanin rami da rami a bar mita 8 zuwa 10. Gero, wake da gyaɗa duk suna yi a tsakani.

To, sai haƙuri. Watanni kan wuce ba ka ga komai a sama ba, kar ka tona don dubawa. Bayan ta fito ma, takan yi shekaru tana ganye a ƙasa ba tare da gangar jiki ba. A nan ne yawanci ake asara: awaki, gobarar daji, da yara masu haƙar muruci. Kewaye ta da ƙaya, ka share ciyawa kafin hunturu, ka riƙa ba ta ruwa a ranin farko da na biyu. Kar ka tara juji a gindinta, don a nan ƙwaron da ke huda zuciyar bishiyar ke hayayyafa, kuma zuciya ɗaya tak gare ta. In ta mutu, shi ke nan.

Akwai mace akwai namiji, ba ka gane su sai sun fara fure, bayan shekaru masu yawa. Macen ce ke 'ya'ya, kuma ɗa guda ya kai kilo. Daga wannan tsayin in ya faɗo a kan yaro ko kwano, ba wasa ba ne. Don haka a nisanta ta da ɗaki, rijiya da wayar lantarki. Inuwa ma kar ka sa rai, ka san abin da Bahaushe ya ce: na nesa ka sha ta.

Ni a ganina, wannan aikin ya fi dacewa da ƙungiya. Azara ta yi tsada domin ana sara ba a shukawa, alhali a Gaya ta Jamhuriyar Nijar ƙauyuka ne da kansu ke kula da dajin giginyarsu. Masu binne ƙwallo don muruci su riƙa ware goma cikin kowane ɗari, a jera su a kan iyakar gona, a rubuta a littafin ƙungiya wane ne mai kowace bishiya, saboda rabon gado nan gaba.