Ƙauyen Ilimi na Jefferson: Kusanci da Abin da Ya Haifa

Idan aka ce jami'a, abin da kan faɗo wa mai karatu a rai shi ne manyan benaye, ofisoshin malamai a gefe guda, ɗakunan kwanan ɗalibai can nesa. Amma tun a shekarar 1810 Thomas Jefferson, shugaban ƙasar Amurka na uku, ya soki tara makaranta cikin ƙaton gini ɗaya. A ganinsa irin wannan gini matattarar hayaniya ce da cuta, kuma gobara ɗaya ta isa ta cinye shi. Abin da ya fi so shi ne ƙauye, inda malami da ɗalibi za su zama maƙwabtan juna.

Ya samu damar gwada wannan ra'ayi a Jami'ar Birjiniya da ke Charlottesville, wadda aka kafa a 1819, aka fara karatu a 1825. Ya shata dogon fili mai ciyawa, ya jera gidaje goma, biyar a kowane gefe. Kowane gida na shehun malami ɗaya ne: ƙasa ajin karatu, sama wurin zamansa da iyalinsa. Tsakanin gidajen ya jera ɗakunan ɗalibai 54, baranda mai ginshiƙai ta haɗa su, yadda ko ana ruwa ɗalibi zai isa ƙofar malaminsa bai jiƙe ba. A goshin filin kuwa, inda kwalejojin zamanin kan kafa coci, sai ya kafa laburare mai ƙubba, wato Rotunda, wanda ya kwaikwayo daga ginin Pantheon na birnin Rum.

To, amma zo mu zauna, zo mu saɓa. Akasarin ɗaliban 'ya'yan masu manyan gonaki ne da suka saba ba bayi umarni, ba su iya karɓarsa ba. Malamin da bango kawai ya raba shi da su sai ya koma mai gadi, shi ke fitowa da dare ya tsawata wa masu caca da shaye-shaye. A watan Oktoba na 1825 wasu ɗalibai suka rufe fuskoki suka yi bore, har da jifan malamai. Jefferson, yana da shekara 82, sai da ya zo da kansa, aka kori wasu, ciki har da wani danginsa. A Nuwamba 1840 abin ya kai intaha: wani ɗalibi mai rufaffiyar fuska ya harbi malamin shari'a John Davis a ƙofar gidansa, ya rasu bayan kwana biyu.

A 1842 malamai suka sauya dabara. Maimakon sa ido, sai aka nemi kowane ɗalibi ya rubuta a takardar jarrabawarsa cewa bisa mutuncinsa bai samu taimakon kowa ba. Sannu a hankali ɗalibai suka karɓi kula da wannan alkawari da kansu. Gini ya kawo kusanci, amma sai da amana ta samu kafin kusancin ya yi amfani.

Akwai kuma waɗanda ƙauyen bai ɗauka maƙwabta ba. Bayi ne suka yi yawancin aikin ginin, su ke girki da wanki a bayan gidajen, cikin katangu masu lanƙwasa da suka ɓoye su. Baƙar fata na farko ya shiga karatu a 1950, mata kuwa sai 1970 aka buɗe musu ƙofa baki ɗaya. A 2020 aka kammala dandalin tunawa da bayin.

Marubuta ma suna da rabonsu a labarin. Edgar Allan Poe ya zauna a wani ɗaki na layin yamma a 1826, bashin caca ya fitar da shi kafin shekara ta cika. A 1957 William Faulkner ya zo a matsayin marubucin jami'a, yana zama da ɗalibai suna tambaya yana amsawa. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1987.

Duk mai shata makaranta, ko ma zauren da marubuta za su riƙa haɗuwa, sai ya tambayi kansa: taku nawa ne tsakanin mai koyo da mai koyarwa, kuma in sun haɗu, wane zai yarda da wane?